Muciyar Iya da Taraktar Malam Garba

Lokacin da muke yara a Kamazou, gidajen wurin ba su ma kai a kira su unguwa ba. Iya, kakata ta wajen uba, ba ta kashe murhu in an sauke tuwo. Sai ta ja garwashi gefe ta jera mana masara, mu jikokinta huɗu mu kewaye ta, wutar matatar mai tana haska sama daga can nesa. A bayan rumbu akwai wata tsohuwar tarakta da tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ta kakanmu ce, Malam Garba, wanda ya rasu kafin in yi wayo.

Iya ba ta da tatsuniyoyi da yawa, kuma ko kaɗan ba ta jin kunyar maimaici. Wadda ta fi so ita ce ta mutum mai taurin kai da matarsa mai dogon fushi.

"Ga wata nan tafe, ku matso," in ji ta.

"Ta iso mu ji ta, Iya!"

Wai mutumin yana da tarakta mai lalurar sitata, ƙarfen nan da ke juya inji ya tashi. In ya murɗa makulli sai dai a ji ƙat, shi ke nan. Ba ta tashi sai wani ya tsaya a gefe ya ƙwanƙwasa sitatar daidai lokacin da ake murɗawa. Kullum da safe matarsa ce ke fitowa da muciya ta yi mata bugu uku, inji ya kama, ta koma wajen kokonta.

Ran nan ya ce a gaban baƙi miyarta ba gishiri. Ta ɗauke masa magana. A daren kuma aka tafka ruwan shuka, kowa ya fita gona, tasa gonar ko kunya ɗaya ba a ja ba. In ƙasa ta bushe, masarar bana ta tafi.

Nan Iya take gyara zama, don nan ne daɗinta. Mutumin ya kwance batir ya ɗaura a keke har Sabon Tasha aka yi masa caji. Ya dawo ya murɗa, ƙat. Ya goge kawunan batir da toka da lemun tsami, ya ɗaure wayar da ta yi sako-sako, ƙat. Ya tara samari su tura, taya ta kafe a laka. Samarin suka gwada bugun da guduma, wannan ya buga sama, wancan ya buga ƙasa, ba wanda ya san wurin. Bakanike ya zo ya ce gawayin cikin sitatar ne ya cinye, a sayi sabuwa kawai a huta.

"Kwana uku ina... tana jin ƙat, ƙat daga madafi," in ji Iya, ta yi sauri ta juya masara. Mu dai ba mu lura ba.

"To me ya hana shi roƙonta?" na tambaya.

"Ke ƙawata, namiji ne fa. Gara masa ya ci ƙasa."

A rana ta huɗu, da hantsi, ta ji ya daina murɗawa. Shirun nan ya fi ƙat ɗin damunta. Ta leƙa ta gan shi zaune a kan kujerar taraktar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ta ɗauki muciya ta fita, ba ta kalle shi ba, ta ce wa taraktar, "Gaya wa mai gidanki ya murɗa." Bugu uku, hayaƙi ya turnuƙe. Shi kuma ya ce wa taraktar, "Gaya mata miyar da gishiri."

Mukan yi dariya har masara ta ƙone. In muka tambaya ko ya sayi sabuwar, sai Iya ta ce, "Yana nan yana sayowa. Tatsuniya ta ƙare, wuta ma ta cinye itacenta."

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a rage fushi. Sai da Iya ta rasu, ina da 'ya'ya biyu, muka kwance makullin da ke ɗaure a bakin zaninta muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. Muna zaton atamfofi ne. Sitata ce sabuwa fil, naɗe cikin takarda mai maiƙo, ko sau ɗaya ba a ɗaura ta ba. Babana ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a makon faɗan nan Malam Garba ya sayo ta, ya ɓoye a wannan akwatin nasa. Ya ƙara shekara tara yana noma da tsohuwar, kullum da safe yana jiran Iya ta fito.

Yanzu siminti ya cinye gonar, taraktar ma 'yan gwangwan sun kwashe. Motata da murɗa ɗaya take tashi, ba wanda ke fitowa dominta. Wallahi ina kewar Iya. Sau ɗaya nake so a mayar da ni bakin murhun nan in tambaye ta yaushe ta gano abin da ke cikin akwatin, da kuma yadda ta iya fita da muciya kowace safiya ba ta taɓa nuna masa ta sani ba.