Gangar Ƙarfen Lindsay

Lindsay Pfeiffer maƙwabcina ne tun muna samari. Ni ina askin tumaki, shi yana noman alkama, amma garinmu bai san shi da alkama ba. Da daɓen tsakiyar filin wasan kurket aka san shi. Ya yi masa ruwa, ya jira, sannan ya tura gangar ƙarfe a kai, ya je ya dawo, har ƙasar ta yi sheƙi. Safiyar Asabar sai ya durƙusa ya soka mabuɗi a daɓen. In ya shige, da saura. In ya ƙi, a yi wasa.

Da gwiwarsa ta fara ciwo, matarsa Noeleen ta ce ya bar gangar.

"Ran da baƙi suka zo har gida suka cinye ƙungiyar ƙasarmu, ran nan zan bari," in ji shi.

"Na ji, maigida. Keith, kai ne shaida."

Ni ne Keith ɗin. Muka yi dariya, don a lokacin kamar ya ce ran da kogin Murray ya juya baya ne. Shekara ta bi shekara yaran ƙungiyar suna cin kowa. Mu kuwa muna ƙarƙashin bishiyar turare a bakin filin garinmu da rediyo, iska mai zafi tana kaɗa alkama, tsuntsayen aku suna wucewa garke-garke. Har yanzu ba na iya raba shekarun nan. Sun zame mini yini guda mai tsawo.

Sai manyan 'yan wasan suka fara ajiyewa ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suka zo suka ci karawar farko cikin uku. Ta biyu ta kai yini na biyar, na ƙarshe, muna zaune, shayi ya huce.

"Lokacinsu ya wuce, mutumina," na ce.

"Kai da ba ka taɓa riƙe ƙwallo ba? Sabbin nan ƙasa ce ɗanya. Ruwa take so da haƙuri."

"To gwiwar taka fa, ita ma ɗanyar ce?"

"Rufe mana baki, ana jefa ƙwallo."

Wajen la'asar aka gama, baƙi suka sake ci. Mai rediyo yana ta tambaya ko zamanin ne ya ƙare. Noeleen ta taho daga mota, ta miƙa wa Lindsay hannu.

"Saura karawa ɗaya fa," Lindsay ya ce a hankali.

"Biyu cikin uku, tsoho. Ni ma ina da rediyo."

Ya daɗe yana kallon filin. Sannan ya ciro mabuɗin rumfar gangar ya sa mata a tafi. Ita ta kai wa Raelene, direbar motar makaranta, wadda ta daɗe tana son aikin gangar.

Ko zamanin ya ƙare, ban sani ba. Tun daga nan wataran su ci, wataran a ci su. Lindsay dai bai sake taɓa gangar ba. Amma kowace Asabar da safe yana dogara sanda zuwa tsakiyar fili, ya durƙusa da ƙyar, ya soka mabuɗin gidansa.

"Yaya, Baba?" Raelene takan tambaya.

"Da saura," yakan ce, ko da mabuɗin ya ƙi shiga.