Dangarafan Kakata

Jiya 'yata ta dawo daga kasuwar Funtua da wani takalmi mai tudu, tana taka siminti ƙwas-ƙwas, wai sabon yayi ne. Dariya kawai na yi, don ni tun ina 'yar shekara tara na san irinsa.

Kakata ta wajen uba tana da shi, na katako, a cikin adudunta a ƙauyenmu na bayan Bakori. Dangarafai take ce musu. Tudunsu ya kai faɗin tafin hannu, maɗaurinsu jar fata, an ƙona musu zane a gefe da wuƙa mai zafi. In ta buɗe adudun nan, ƙamshin kanumfari da tsohon saƙi sai ya cika ɗakin. Tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, mu kuwa jikoki ba ma barin ta ta sha ruwa. Wata rana ruwan sama ya tsare mu a ɗakinta, na ɗaga takalman na ce, "Tsohuwa, da wannan ƙafar taki kika yi gayu?"

"Tafi can, ja'ira. Ai gayun ne ya ba ni ita."

Ashe a zamanin yaƙin Turawa, audugarmu tana ta hawa jirgin ƙasa, amma yadi ya yi ɓatan dabo a kantuna. Sai matan unguwarsu su bakwai suka haɗu suka sayi zanen atamfa ɗaya tak. Wadda biki ya kama ta ɗaura, ta dawo da shi. Ba a cika wanke shi ba, kada ya koɗe.

Layin ɗaura zanen ya zagayo kan kakata a tsakiyar marka, ranar sunan ɗan yayarta a ƙauyen gaba, washegari kuma da shi za a kai wata amarya. Hanya duk taɓo. Shi ya sa ta roƙi masassaƙin turmi ya yi mata dangarafan da suka fi na kowa tudu, don kada laka ta kai bakin zanen.

A mashigin rafi ƙafar ta gurɗe, har ta ji ƙas. Da ni ko kai ne, da zama za mu yi. Ita ba ta zauna ba. Ta rungumi kututture da hannu ɗaya, ɗayan ya tattare zani, tana tsaye a ƙafa guda tana hawaye, har wasu masu tallan nono suka zo suka ɗauke ta cak.

Na ce, "Amaryar fa?"

"Fes ta shiga ɗakinta. Ko ɗigon laka babu." Ta faɗa tana dariya, ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba. Daga ranar na daina kwaikwayon tafiyarta.

Yau akwatina cike yake da atamfar anko, wata sau ɗaya na ɗaura. Alhamdu lillahi, ban raina ba. Sai dai a cikinsu duka, babu ko ɗaya da wata take jiran in kwance in ba ta.