Bidiyon da ya kai mu Aliero

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Kebbi ba, maigidana ya kai albasa kudu ya dawo mana da talabijin da bidiyo. Muna zaune a Jega, dab da titin da manyan motoci ke bi, kullum hankalina a tashe kan yara. Sai na ga ai na samu mai raino. Da an kawo wuta in saka musu kaset ɗin 'yan Cana masu faɗa, in kama aikina. Har gori nake wa maƙwabta wai nawa 'ya'yan ba su yawo.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Ina wanke-wanke na ji ƙarar faɗuwar abu a bayan zaure, sai ga babbar 'yata a guje, tana ƙwala mini kira. Ƙanenta, wanda ko makaranta bai shiga ba, ya ɗaura ɗankwalina a goshi, ya taka buhunan albasa ya hau katanga, ya diro kamar yadda ya ga ana yi.

Na tarar da shi kwance, ƙafar dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ko kuka bai yi ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Ban san sadda na fita titi ba mayafi ba. Ƙanen maigidana ya tare mana mota sai Aliero, wurin masu ɗori. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar ƙashina ne ke motsi, ina ta tunanin ko yaron nan ya gama tafiya da ƙafarsa ke nan.

Tsohon mai ɗorin ya shafa ƙafar, ya dube ni.

"Hwaɗowa yay yi, ko dira?"

"Dira, Baba."

"To, shi ma bidiyon na. Ki riƙe mai kai, kak ki bari shi duba."

Da aka ja ƙafar ne ya yi ihun da har yau nake ji. Bayan an ɗaure ta da karare, ya ɗago yana shessheƙa ya ce, "Inna, su in sunka diro tashi sukai. Ni mi as sa ban tashi ba?"

Ashe duk watannin nan babu wanda ya taɓa gaya masa wasa ne.

Ba mu sayar da bidiyon ba, amma daga ranar ba a kunna shi sai babba na zaune yana bayani. Yaron ya taka, alhamdu lillahi, yanzu har yana da nasa iyalin. Sai dai ƙafar ta ɗan gajarce. Ko cikin taron masu fitowa daga masallacin Juma'a, tun daga nesa nake gane ɗana da tafiyarsa.