Ɗan Lidon da Na Sassaƙa wa Maƙwabcina

Da ana komawa baya, abu guda zan hana hannuna yi, wato aske gefe ɗaya na wani guntun itace da bai fi yatsa tsawo ba. Na yi kurakurai da suka fi wannan girma a idon mutane, amma shi ne ya raba ni da mutumin da na fi sabawa da shi a duniya.

Ni masassaƙi ne. A Ƙofar Ruwa rumfata take, ina yin ƙota da muciya da kujerar tsugunno. Abokin nawa maƙwabcina ne a Zaitawa, direban babbar mota, Bafulatani da kakanninsa suka daɗe da ajiye sanda suka zauna cikin birni. Ni kuwa asalinmu Barebari ne, don haka tun muna samari ba mu taɓa yin gaisuwar arziki ba. In ya hango ni sai ya ce, "Ga bawana nan tafe." Ni kuma in ce, "Ɗan Fillo, an ci abinci kuwa, ko yau ma kunya aka ci aka kwana?"

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A daidai lokacin kuma majalisarmu ta ƙofar gidansa, inda muke buga lido bayan la'asar, ta watse. Siyasa ta kwashe mutane, wannan yana ofishin jam'iyya, wancan yana yawon liƙa hotunan 'yan takara. Aka bar ni da shi a zaure, sai rediyo.

Mu da ɗan lido guda muke wasa, ɗan'uwansa ya daɗe da ɓata. Ana kaɗa shi a gwangwani a zubar, kuma sai ka yi siki, wato shida, kafin ɗanka ya fito daga gida. To hannunsa na hagu bai saba ba, ga shi yana rawa. In ya kaɗa, sai abin ya yi tsalle ya faɗa cikin takalma ko ya fice waje, in tashi in ɗauko. Rannan ya ture gwangwanin ya ce ya gaji.

Na kwana ina tunani. Washegari na ɗauki guntun itacen ƙirya na sassaƙa masa wani irin ɗan lido dogo, mai gefe shida kamar fensir, kaurinsa kamar babban yatsa. Na gasa ƙusa na ɗiga masa idanu, daga ɗaya zuwa shida. Ba ya bukatar gwangwani. Ka ɗora tafin hannu ka tura, ya gangara a kan tabarma ya tsaya, gefen da ke sama shi ne rabonka. Na auna gefunan sosai, babu wanda ya fi wani.

Ya juya shi ya ce, "Ashe Babarbare na da amfani."

Na ce, "Tura mu gani, kada ka ce shanu ne suka hana ka."

Muka koma wasa, shi da dogonsa, ni da nawa na gwangwani. Yau ya ci, gobe in ci. Sai aka shiga wasu kwanaki da siki ta ƙaurace masa. Duk wanda ya daɗe yana lido ya san haka na faruwa. Gefe shida ne, kowanne da rabonsa daidai, amma ba layi suke bi ba. Wani ya zo sau uku a jere, wani ya yi ɓatan dabo, sai an daɗe abin ke daidaita. Na san wannan. Amma ina kallonsa, 'ya'yansa huɗu na zaune a gida, nawa suna zagaye allo, leɓensa a karkace, ya kasa ko zagina. Zuciyata ta karye.

Na ce masa bari in tafi da dogon in goge masa kaushi. A rumfa na sa wuƙa na aske gefe mai ido ɗaya, wanda ke ƙarƙashin shida, ya ɗan fi sauran faɗi. Abu mai gangarawa ya fi son kwanciya a kan gefensa mai faɗi. In ya kwanta a kan ɗaya, shida ce a sama.

Siki ta dawo masa, har ta yi yawa. Ya riƙa cinye ni yana dariya, yana kiran uwargidansa daga bakin ƙofa wai ta zo ta ga yadda ake horon bawa. Ni kuma ina ta kukan ƙarya, ina jin daɗi a raina, ina ganin lada nake samu.

Mun yi makonni a haka. Ban lura dariyarsa na raguwa ba. Na manta cewa in na tafi rumfa shi kaɗai yake wuni a zaure, ba abin da yake yi sai tura wannan itace.

Wata la'asar na shimfiɗa allo, sai ya turo mini dogon da ƙafarsa mai lafiya.

"Yau kai za ka yi da nawa."

"Haba Ɗan Fillo, sa'arka za ka ba ni?"

"Tura dai."

Na tura, siki. Na sake, siki. Na uku ya ba da biyu, na huɗu ya koma siki. Ban ɗaga kai ba.

Ya ce, "Malam." Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba. "Matata in ta kawo tuwo sai ta tsaya ta ga ko zan zubar. 'Ya'yana sun daina musu da ni, ko na ce rana daga yamma take fitowa sai su ce haka ne Baba. Masu zuwa dubiya murya ƙasa-ƙasa suke yi mini kamar an zo zaman makoki. Wannan ɗan itace ne kaɗai bai san na shanye ba. In ya hana ni, hana ni ya yi, in ya ba ni, ba ni ya yi. Shi ma ka je ka gaya masa."

Na ce don Allah ya yafe mini, alheri na nufa. Ya ce ya sani, kuma ya yafe. Ya roƙe ni in ƙara masa muryar rediyo.

Na koma na sassaƙa sabo, na auna shi fiye da na farko, na kawo. Na ce ga shi, in yana so ya kira duk wanda ya yarda da shi ya duba. Ya karɓa ya tura sau ɗaya. Allah cikin ikonsa, siki ta fito. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalle ni.

"Ka gani? Yanzu ta yaya zan san tawa ce?"

Ba mu sake bugawa ba. Na ci gaba da zuwa bayan la'asar, mu gaisa kamar baƙi, ya jiki, da sauƙi, mu saurari labarin majalisa da sababbin gwamnoni har a kira magariba. Daga baya babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa gidansa a wajen Kabuga, inda ya fi kusa da asibiti. Nakan je jefi-jefi, in tarar da shi a kujera mai laushi, kowa na lallaɓa shi. A can ya rasu. Yanzu an mai da zauren nan shagon cajin waya, in na dawo daga masallaci ta gabansa nake wucewa.

Ku da kuke karanta wannan, in Allah ya jarrabi naku da ciwo, ku ɗauke masa abin da ya gagare shi, wannan wajibi ne. Amma in kun zauna wasa da shi, ku yi da gaske, ku cinye shi in cin ya zo, ku yi masa tsiya yadda kuka saba. Don Allah kada ku yi masa irin tausayin da na yi.