Kujerar Bas a Ƙofar Shagon Tela

Tela ya fara sanin Direba ne a shekarar da aka zuba wa titin gaban shagonsa kwalta. Wani dogon mutum ya shigo da wandunan kaki da suka cinye ta baya, ya ce a yi musu faci. Yana bayani idonsa na kan titi, sai ka ce da kwaltar yake magana. Tela ya ɗauka raini ne. Daga baya ya gane haka Allah ya yi mutumin: wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da sitiyarin bas, hirar gefe kawai ya iya. Matarsa ma takan ce ta fi sanin kunnensa a kan idonsa.

Direba mutum ne mai tsari. A zamaninsa ba ya barin tasha sai ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya duba mai da ruwa. Ya yi imani babu abin da ke lalacewa ba dalili, kuma in ka kasa kunne, injin da kansa zai gaya maka inda ke masa ciwo. A haka ya yi ritaya, ya zauna cin fansho lami lafiya, har ranar da Auta ya dawo gida.

Auta, ɗansa na ƙarshe, ya yi karatu, ya sami aiki a wani kamfani a babban gari. Aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da shi. Ya dawo da akwati ɗaya, ya shiga ɗakinsa na da, ya saki labule. Ba zazzaɓi, ba tari. A kai masa abinci, ya ɗan taɓa ya ture. A gaishe shi, ya amsa. Shi ke nan.

"Ni fa abin nan ya ɗaure mini kai, Mai Allura," in ji Direba. "Mun je asibiti. Likita ya auna nan, ya auna can, ya ce jiki garau, damuwa ce. Ya ba da magani, ya ce kuma mu riƙa sauraronsa. Me zan saurara? Injin da bai tashi ba ana jin ƙararsa?"

"Ka tambaye shi mana."

"Na tambaya! Uwarsa ta sa na ɗauki kujera na zauna gabansa kamar alƙali. Na ce, Auta, lafiya? Ya ce, lafiya lau, Baba. Na ce, ka tabbata? Ya ce, na tabbata. Muka yi zuru kamar masu jiran mai hoto. Ni na fara guduwa."

Don kada ya yi shiru, Tela ya ba da shawarar maganin ƙarin jini. Aka sayo kwalba, aka ajiye wa Auta a taga, ko murfin bai taɓa ba.

Sai Direba ya koma ga abin da ya sani: mota in ta ƙi tashi, tura ta ake yi. Ya shiga buga wa Auta ƙofa da sassafe, ya yaye labule, ya aike shi nan, ya aike shi can, ya tara masa jaridu masu tallar aiki. Ba a jima ba Auta ya fara sa sakata. Uwarsa ta daina yi wa Direba magana sai ta dole. Nan tsoro ya kama shi, don yaron na ramewa a gabansa, kuma da hannunsa ya ƙara rufe ƙofar.

A bakin shagon Tela akwai wata tsohuwar kujerar bas mai cin mutum biyu, tana fuskantar titi, masu jiran ɗinki ke zama a kai. Wata rana da hantsi Direba na zaune a nan ya yi tagumi, sai ga Auta da wanduna a hannu. Uwarsa ce ta matsa masa ya kawo a rage ƙugu, don duk sun yi masa yawa.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Yawwa, Auta. Zauna, yanzu zan gama maka."

Babu wurin zama sai kusa da ubansa. Auta ya zauna. Motoci na ta wucewa. Don rashin abin faɗa Direba ya ce, "Waccan giyarta ta kusa mutuwa." Can sai Auta, idonsa na kan titi, ya ce, "Baba, kai da ka daina tuƙi, in ka farka da safe me kake tashi ka yi?"

Tela ya ga wuyan Direba ya fara juyowa, ya tsaya, ya koma titi. Auta ya fara wata magana ƙasa-ƙasa, ya waiwayi Tela, ya haɗiye ta. Tela ya rasa yadda zai yi. In ya fita, ya ɓata zaman. In ya zauna, kunnensa ya yi yawa. Sai ya jawo wani ƙyalle ya taka keken ɗinki da ƙarfi. Ya ɗinke ƙyallen sama da ƙasa, ya juya ya sake. Zare ya ƙare, bai tsaya ba. Gwiwarsa ta yi tsami. Ta cikin ƙarar yana hango bakin Auta na motsi, kan Direba na gyaɗawa. Bai daina ba sai da bel ɗin keken ya tsinke, ya zuwa lokacin kuwa Auta ya riga ya share fuska ya miƙe.

"Me ya ce?" Tela ya tambaya bayan Auta ya tafi.

"Wallahi rabi ban gane ba. Wai ba aikin ba ne, wai kuma aikin ne. Wai kunyar uwarsa yake ji. Har da wani abu da na faɗa masa yana ƙarami, ni ko tunawa ban yi ba."

"Kai me ka ce?"

"Na ce, to."

"To kawai?"

"Na dai faɗe ta da yawa."

Auta bai warke ranar ba. Yau ya fito, gobe sakata. Amma ya ci gaba da shan maganin likita, kuma yakan zo ya zauna a kujerar, wani lokaci da magana, wani lokaci babu. Direba har yau bai san abin da ya yi daidai ba. Ya sake gwada zaman alƙali a gida, ya sake shan "lafiya lau, Baba," ya dawo yana cewa shi yaran zamani sun fi ƙarfinsa.

Tela kuwa ya ɗaure bel ɗinsa da waya, keken na tafiya yana tsallen zare, bai gaya wa kowa ba. Direba ma bai taɓa ta da zancen ba, ko godiya bai yi ba. Wata safiya Tela ya bar shago a buɗe ya tafi sayen zare. Da ya dawo ya tarar da uba da ɗa a kujerar suna kallon titi, yatsun kowannensu da baƙin mai. Ya zauna ya taka keke, ya ji ya tafi sumul: sabon bel, an zuba mai, har fedar da ta daɗe tana girgiɗi an ɗaure.

"Wa ya taɓa mini keke?"

Direba bai waiwayo ba. Ya zunguri Auta ya ce, "Ka ji waccan? Ba ta da birki."