Kwanon da Iya Take Rufewa

A gidanmu na Kusada, da an gama cin tuwo sai kakarmu Iya Dije ta ja tabarma kusa da murhu, ta binne mana gyaɗa cikin toka. Ni take fara tsokana: "Matso nan, mijin banza, ko ɗankwali bai taɓa saya mini ba." Amma kafin tatsuniya sai ta zuba tuwo a wani jan kwano, ta rufe da faifai. Na Kawu Sale ne, autanta, wanda ya hau mota a Kankiya tun ban yi wayo ba, wai zai ƙetare teku neman arziki.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita, ta wani ɗan sarki da 'yan'uwansa suka kora, jirgin ruwa ya yada shi a wani tsibiri. Iya ba ta taɓa ganin tsibiri ba, sai ta ce kamar gonarmu ta fadama ce idan ruwa ya zagaye ta. Ɗan sarkin nan bai jin harshen mutanen wurin, ko fartanya bai iya riƙewa ba. Wata tsohuwa ta tausaya masa, kullum ta kai masa tuwo, tana kiransa ɗana. Ana nan, wani jirgi daga ƙasarsu ya zo da asuba, ya shige, bai leƙa ta ba.

"Tsohuwa ta ce, tunda bai yi mini sallama ba, ai bai tafi ba," in ji Iya. "Ta ci gaba da kai tuwo bakin ruwa."

"To, ya dawo?"

"Gyaɗarku za ta ƙone."

Duk tatsuniyoyinta da ƙurunƙus take rufe su, ban da wannan. Haushi muke ji, har mu yi mata dariya muna cewa ta manta ƙarshen.

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini cewa Kawu Sale da asuba ya sulale, don kada Iya ta hana shi. Da labari ya zo cewa jirginsu ya nutse, maza suka yi masa salla, Iya kuwa ta ƙi karɓar gaisuwa. Har yau in na tuna dariyar da muke mata, zuciyata ciwo take.

Ranar da aka kai Iya makwancinta, mahaifiyata tana kwasar tuwo sai na ga ta jawo jan kwanon, ta cika shi, ta rufe da faifai. Duk gidan muna kallo, babu wanda ya iya cewa ta bari.