Hancin Innar Tanderu

Kafin ɗalibai su gama hammar safe, Innar Tanderu ta riga ta zura farar riga, ta kunna fankar da ke zuƙe iskar ɗakin gwaji. Sai ta narkar da gishirin ƙarfe da sinadarin farar wuta a ƴar tukunyar ƙarfe, ta ɗaure murfi tamau, ta tura ta cikin tanderu. Wani gari baƙi ƙirin ke fitowa, ta wanke shi, ta busar, ta shafa a siririn soson ƙarfe. Da shi ake haɗa sufakafasita, ƙanwar batir, wadda ke cika da wuta nan take ta kuma bayar nan take. Shekara da shekaru aikinta ke nan, kuma jama'a ba su san da zamanta ba.

Dokarta ɗaya ce, ba a buɗe tukunya sai ta huce don kanta. Mai gaggawa takan ce masa, "Ɗana, garin nan bai san malaminka na jira ba."

Wata rana da hantsi fanka ta mutu, wani ɗalibi da lokaci ya ƙure wa ya kwance murfi da ɗumi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya turnuƙe ɗakin, iskar da ke kayar da mutum. Mu ɗalibanta da ke wurin mun shaida ko murya ba ta ɗaga ba. "Ku fita, ku bar ƙofa a buɗe." Ta tsaya ita kaɗai ta rufe tukunyar, ta wangale tagogi. Tana fitowa ta ce ai warin ya tafi, alhali kowa na toshe da hanci. Daga ranar jin ƙamshi ya soma barinta, har ya ɗauke ɗungurungum.

Ta mayar da abin wasa. Ta ce ita ta huta, mu ne ke shan wari. A gida maigidanta ya zama hancinta, yana leƙo kicin yana cewa, "Masaniya, tukunyarki ta nan ma ta kama."

Wasan ya ƙare ranar da ƴarta ta haihu. Aka miƙo mata jika, ta cusa hanci a wuyan jaririyar yadda kaka ke yi, ba ta ji komai ba. Ta tuna ƙamshin ƴarta tana jinjira, kewa ta cika mata ƙirji. Likita ya ce idan ta bar farar wuta wataƙila jin ƙamshi ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan. Duk da haka ta jira ɗaliban da ke hannunta suka kammala, sannan ta ajiye rigar.

Ke ce kika tsaya muka fita, Inna. Ke ce ba ki taɓa faɗin sunan ɗalibin nan ba, har yau. Mun gode, Allah ya saka, ya mayar miki da abin da aikinmu ya karɓe. Ku da kuka gaji ɗakin, ku koyi haƙurinta, ku kula da fankarku, kada wani ya sake biyan irin wannan farashi.

Yanzu kullum safiya tana gidan ƴarta, ta ɗauki jikar ta shaƙa a hankali.

"Inna, kin ji?" in ji ƴar.

"Tukuna. Ki dai ce mata kada ta yi saurin girma."